Baba Zibrim da Bijimin Mma Lariba

Shekara ashirin da shida Baba Zibrim, malamin dabbobi, yana riga ungulu isa kwatar Bawku. Kafin a rataye nama sai ya juya kowace hanta, ya latsa, ya sansana. Mahauta suna tsokanarsa wai gaisuwar da yake yi wa hanta ko surukarsa ba ta samu. Amsarsa ɗaya ce: hanta ke wanke jiki, duk maganin da ya shiga dabba ta wurinta yake bi.

A 1987 wani sabon maganin kaska ya shigo, wanda ake tsiyayawa a gadon baya. Shanu mata lafiya lau, dandaƙaƙƙu ma haka, amma manyan bijimai sai dalala, ciki ya kumbura, su faɗi. Mutanenmu kuwa da ido suke awo: in ƙato ne, a ninka masa. Aka ce sammu ne. Baba Zibrim ya bi mushe bakwai, ya tarar duk ba a dandaƙe su ba. Nan ya gane sinadarin da maraina ke zubawa cikin jini yana sauya aikin hanta, maimakon ta kashe dafin sai ta ƙara masa kaifi.

Mutanen Yendi shaida ne. Mma Lariba bijimi ɗaya mijinta ya mutu ya bar mata, shi ke barbarar shanunta. In ya faɗi, garken ya ƙare. Ƙanen mijin, Alidu, ya ɗaga kwalbar maganin zai zuba wa bijimin ke nan Baba Zibrim ya iso kan babur.

"Alidu, sauke hannunka."

"Masta, ƙato ne fa, zai ɗauka."

"Ƙatancin ne zai kashe shi. Zuba wa matan, wannan bar mini."

Ya tsuguna cikin rana yana cire kaska ɗai-ɗai da hannu har la'asar.

Bana ya ajiye aiki. Ranar sallama Mma Lariba ta zo tun daga Yendi, riƙe da igiyar ɗan maraƙi.

"Jikan bijimin nan ne," ta ce. "'Yan'uwansa har Salaga sun kai."

Dattijon ya karɓi igiyar, ya shafa kan maraƙin. Wallahi mu kam idonmu ya cika.

Baba, kai ne ka hana mu kashe dukiyarmu da hannunmu. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma masu tasowa, ku yi irin nasa: kafin ku ɗaga kwalba, ku sunkuya ku duba.