Cazbin Sarkin Noma

Jibi ne muka shirya dillali zai zo da mai sayen gonar Iya. Ita kaɗai ta rage mini a Durba, 'yar gona ce a gefen rafi, da ɗorawa guda a tsakiyarta. Na ce zan sayar in sayi adaidaita, don duk abokan da muka yi acaɓa tare sun saya. Tun ran da na amsa wa dillalin jikina ya mutu, ko tuwo ba na jin daɗinsa. Ba kuma abin da ke yawo a kaina sai wata tatsuniya da na ji ina yaro.

Iya kakata ce ta wajen uba. Gajeriyar tsohuwa ce, ga faɗa, ga bakin goro, kuma ba ta yin tatsuniya a banza. Da bazara, in an kusa saukar damina, sai ta sa a sauko mata da gyaɗar iri daga rumbu. Ana idar da sallar magariba za ta ja tabarma kusa da murhu, ta tura ƙirare biyu a garwashin da aka sauke tuwo, wai hayaƙin ya kore mata sauro. Mu jikoki mu zagaye ƙwarya muna ɓara. Ba ɓara, ba tatsuniya, haka dokar take. Wanda kuwa ya kai ƙwaya ɗaya baki, kafin ya tauna mafici ya sauka a ƙeyarsa.

"Kai maigida, cin iri za ka yi? To baɗi sai ka shuka haƙoranka. Allah ya haɗa ni da mijin banza."

Ni take kira maigida, don sunan mijinta na ci. Nakan ce, "Ni na sake ki, Iya, kin tsufa." Ta ce ai gara haka, dama ko sabulu ban taɓa saya mata ba.

A shekarun nan mulkin soja bai daɗe da ƙarewa ba, ana kuma ta maganar shari'a. Mazan gidanmu suna can ƙofar gida sun kewaye rediyo, muna jiyo gardamarsu ta saman katanga. Yau ka ji duk unguwa ta koma wannan jam'iyya, wata biyu ka ji an sake hula. Iya kuwa sai dai ta yi tsaki ta gyara itace. Wani maraice da hayaniyar ta yi yawa ta ce, "Ku bar su. Ga ta nan tafe, ku matsa mata ta zauna." Muka ce, "Ta shigo, Iya, kunnuwanmu a buɗe."

Ta ce a wani gari ne, ba wanda ke shuka sai ya ga Sarkin Noma ya fita shuka. Haka suka gada. Sun daina duban sama, sun daina duban ƙasa, ƙofar gidansa kawai suke duba. Wata shekara aka yi ruwan farko, ɗan ruwa mai ƙamshi wanda bai fi ya kwantar da zafi ba. Da safe Sarkin Noma ya zaga gonarsa don ya ga yadda ta kwana, cazbinsa ya sarƙe a ƙaya ya tsinke, 'ya'yan suka watse cikin ƙasa. Cazbin na ubansa ne. Sai tsoho ya duƙa, yana tona ƙasa da sanda, ya taka gaba, ya sake tonawa, ya share da ƙafa.

Nan Iya ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki muciya ta kwatanta mana, tana ɗingishi. Muka yi ta dariya har ƙwaryar gyaɗa ta kusa kifewa.

Wani mai wucewa ya hango shi daga nesa, ya ruga gari yana cewa Sarkin Noma ya fara shuka. Kafin hantsi kowa ya ɗauko sungumi, maza na sara rami, mata da yara na bi suna zuba iri suna rufewa da diddige. Ba wanda ya ƙarasa wajen tsohon ya tambaye shi. Shi kuma da ya ɗago kai ya ga duk gari ana shuka, sai ya ce a ransa, to ko dai sun san abin da ban sani ba? Ya koma gida ya ɗauko nasa irin.

Mace ɗaya ce, wata bazawara, ta je gonarta ta durƙusa ta cusa yatsa a ƙasa. Gaɓa biyu ta samu danshi, ƙasan nan kuwa busasshe ƙayau. Ta ɗaure bakin jakarta ta koma gida. Aka yi ta mata ba'a a bakin rijiya, wai ta fi Sarkin Noma sanin noma. Shuka ta tsiro gwanin sha'awa, sama kuma ta ɗauke ɗif har kwana ashirin. Tsiron ya ƙone. Da ruwan gaskiya ya sauka, ba mai ko tafin iri a garin sai ita. Ta shuka tata, ta raba musu ragowar.

"Suka gode mata, ko Iya?" in ji ƙanwata Ladi.

"Wa? Suka ƙi ta dai. Har ta mutu ba su yafe mata ba. Na sauke kayana, mai wuya ya ɗauka."

Ni kuwa abin bai kwanta mini ba. Na ce, "Iya, to da ruwan ya ɗore fa? Da kowa ya girbe, ita ta makara." Ta juya garwashi da tsinke. Ta ce, "Da ta sha yunwa ita kaɗai, maigida. Amma da ta san dalilin yunwarta. Su kuwa sun sha tasu, ka tambaye su me ya kai su, ba wanda zai iya gaya maka." Aka kira isha'i, ta kore mu mu yi alwala.

Abin takaici, na girma ina ganin ni ne bazawarar nan. Da na kai saurayi na ce ni ba zan ƙare a gona kamar Baba da kakana ba, hanyata daban. Lokacin duk wani matashi daga Kibiya har Rano babur yake nema. Abokina Ɗanlami ya dawo sallah daga birni da sabon babur da agogo, kafin wata uku mu bakwai a unguwarmu mun bi shi. Baba ya riga ya rasu, na sayar da rabon gonata na gado na sayi nawa. Iya tana nan da ranta, ta makance, ta kama hannuna ta ce, "Ka taɓa ƙasar kuwa?" Na ce, "Iya, wannan ba noma ba ne." Sai ta yi mini addu'a.

Ban taɓa tambayar Ɗanlami yadda yake kwana a birni ba. Sai da na je na ga a baranda yake kwana, babur ɗin ma na wani ne. Shi ma wani ɗan ƙauyen Zinyau ya gani ya biyo. Shekara da shekaru ina shan hayaƙi da zagi, na faɗi sau biyu, har yanzu gwiwata ta hagu ba ta lanƙwashewa sosai in na zo sujada. Ran da aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni, muka kwaso jiki muka dawo gida gaba ɗaya, yadda muka tafi gaba ɗaya. Muka cika tashar Rano, mu ashirin a kan fasinja guda. Aka ce kiwon kaji, na yi, suka mutu tare da na kowa. Aka ce bin 'yan takara, na sa riga na bi ayari, har yau ban san abin da na yi wa ihu ba. Na gaji, wallahi na gaji. Ba aikin ne ya gajiyar da ni ba, gudu ne a bayan mutanen da su ma ba su san inda za su ba.

Iya ta rasu ina birni. Kafin rasuwarta ta kira mai unguwa da 'ya'yanta ta ce gonar bakin rafi ta ba maigidanta. Ladi da mijinta ke noma ta tun lokacin. Da na gaya wa Ladi maganar sayarwa ba ta yi faɗa ba, ta ce, "Taka ce, Yaya." Na fi son a ce ta zage ni.

Jiya da la'asar aka yi ruwan farko. Yau da safe na ajiye babur na taka zuwa gonar, wai in yi mata kallon ƙarshe. A hanya na ga mutane sun fito da sungumi, kowa na leƙen gonar maƙwabcinsa. Na isa gindin ɗorawa, na durƙusa da gwiwa ɗaya, na cusa yatsa a ƙasa. Na ji sanyi, na ji kuma wani abu mai tauri, amma na rasa ko busasshiyar ƙasa ce ko kantar hannuna ce. Riƙon kan babur ya kashe mini yatsu. Ni jikan Iya, ban iya gane ko ƙasa ta sha ruwa ba. Na zauna a wurin na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Ban ce adaidaita haramun ba ce. Wataƙila Ɗanlami ya samu alheri a cikinta, Allah ya sa. Amma na tambayi kaina me ya sa nake son ta, amsa ɗaya na samu, na ga ana saya. Noman ma ban san ko zan iya ba. Sai na koya daga farko, da wannan gwiwar, a hannun mijin ƙanwata, ana mini dariya a tasha.

Daga gonar na kira dillali na ce ya ba mai sayen haƙuri. Ya ce, "Malam Habu, kowa fa yana sayarwa, za ka yi da-na-sani." Na ce mai yiwuwa ne. Na biya ta gidan Ladi na ce ta ajiye mini iri, amma ba yau zan shuka ba, sai na tona na gani. Ta ce, "In damina ta ƙi fa, Yaya? Ga iyali."

Na ce mata in mun sha yunwa bana, ko ba komai wannan karon zan iya gaya wa 'ya'yana dalili.