Ma'aunin Babanmu

Babanmu ɗan dako ne a tashar mota, kuma yana da wata ɗabi'a mai ba mu kunya: duk abin da ya gani sai ya ɗaga. Ko gidan mutane muka je, yana gama gaisuwa za ka ga yana jinjina kujera. Aiki ne ya koya masa, don ɗan dako ba ya amsar kaya sai ya ɗaga gefe ya ji. Amma nasa ya wuce aiki, tambaya ce ke cinsa.

"Ku dubi katifar nan," in ji shi, "ta cika ƙofa, amma da hannu ɗaya nake ɗaukarta. Batirin mota kuwa bai kai matashin kai ba, sai ya nemi karya min ƙugu. Ina nauyin yake ɓuya?"

Ya yanka soso ya leƙa, ya fasa bulo ya leƙa. Daga ƙarshe ya yanke hukunci: mai nauyi cikinsa a danƙare yake, marar nauyi kuwa iska ce ta samu wurin zama. Innarmu ta ce madalla, yau an gano abin da ke cikin kansa.

Ita Inna ba ta ciwo, a faɗarta. Da ta fara rage cin abinci sai ta ce zafi ne, ta koma sa manyan riguna. Mu da ido muke awo, sai muka yarda.

Wata safiya ta zame a bakin famfo. Baba ya taɓa ɗaukarta lokacin naƙudar autarmu, hannunsa kuma ba ya mantuwa. Ya sunkuya, ya tattara ƙarfi irin na wancan karon, ya ɗaga. Saura kaɗan ya faɗi ta baya.

"Malam, sauke ni, yara na kallo!"

Bai sauke ba. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar.

"Ina sauranki?" ya ce.

A hannunsa ta isa bakin titi tana faɗa, daga nan sai asibiti. Aka gano ciwon da ta daɗe tana ɓoyewa, aka ɗora ta a kan magani.

Tun daga nan kowace safiya sai ya ɗaga ta tana mita, ya ajiye, ya fita. Mu kuwa fuskarsa muke karantawa. Rannan yana ɗagawa sai muka ji, "Wash, bayana!"

Ya ajiye ta, ya dafe ƙugu yana dariya, hawaye na bin gemunsa.