Layin da Babu Komai a Littafin Awo

Ranar Talata ce. Ƙarfe biyar da rabi mahaifinta ya ji ta a kicin tana cika fulas. Uwata yake ce mata, don sunan tsohuwarsa ta ci. Da ta zo gaishe shi ya tambaye ta ko yau ma duniya za a auna, ta ce a'a, ɓawonta kawai.

Shida da rabi tana ofis. A gindin matakala akwai ƙusar tagulla kafe cikin siminti, a kanta ake fara awo. Aikinta ke nan shekara bakwai: ta ajiye na'ura, ta daidaita ta, ta karanta ƙarfin da ƙasa take jan abu da shi a wurin. Inda dutse mai nauyi yake kwance a ƙarƙashi, jan yakan ɗara da ɗan abin da jiki ba ya ji. Da lambobin ake zana taswirar abin da ke can ciki ba tare da an haƙa rami ba. Mahaifin, tsohon malamin lissafi, shi kaɗai yake sauraronta har ƙarshe. Mahaifiyar cewa take ta haifi mai awo, amma ko gishirin miya ba ta iya aunawa.

Na'urar tana da hali guda. Siririyar wayar da ke cikinta takan saki kaɗan-kaɗan da tafiyar yini, don haka dole a dawo kan ƙusar da yamma a sake karantawa, a gyara sauran lambobin da bambancin. In ba a rufe awo haka ba, aikin yinin ya tashi a banza. Ga shi na'urar aro ce, washegari za a mayar, kuma layin da za ta bi da awo ranar shi ne na ƙarshe, wanda ya ratsa tsakiyar taswirar.

Zuwa sha biyu ta yi awo goma sha tara. Ƙarfe biyu ta ce wa direba kanta yana sara. Ƙarfe huɗu ya ga tana runtse ido ɗaya, ya ce su wuce asibiti.

"Malam, ƙusa tukuna," ta ce. "Asibiti ba ya rufewa."

Shida saura ya sauke ta a gindin matakala, ya je ajiye mota. Da ya dawo ya tarar da ita jingine da bango, ba ta magana. Jijiya ce ta fashe a kanta. Ranar Alhamis ta cika.

Shugaban sashensu ya zo gaisuwa da littafin awonta, wanda aka samu a kujerar mota. Awo talatin da ɗaya, rubutu tsaf, layin ƙarshe, na rufe awo, babu komai. Ya ce cikin ladabi ba za a iya amfani da su ba. Mahaifin ya gode masa. Wata guda lissafi ɗaya yake ta yi: awa biyu ta hana kanta likita saboda wannan layi.

Da aka zo raba kayanta, mahaifiyar tana zazzage aljihun rigar aikinta, sai ga kwalin maganin ciwon kai. A bayansa an rubuta da fensir 5:57, da lambobi bakwai, na ƙarshen ya karkace. Ashe Uwata ta karanta na'urar a kan ƙusar, ba ta jira a kawo mata littafin ba.

Mahaifin bai yarda ya yi murna ba. Da safe ya sa babbar riga ya kai kwalin ofis, ya ce a gwada, in bai hau ba a faɗa masa gaskiya. Shugaban ya yi lissafin sau biyu, sannan ya miƙa masa takardar, shi ma ya bi da kansa.

"Baba, ta rufe," in ji shugaban.

"Na gani."

Taswirar ta fito ba giɓi, da sunanta a ƙasa. Tufafinta an raba wa 'yan uwa, littattafan karatunta sun tafi jami'ar da ta yi. Kwalin an manna shi a shafin ƙarshe na littafin, yana ma'ajiyar ofis. Rigar aikin kuwa mahaifiyar ta wanke ta, ta goge, ta sa a ƙasan akwatinta.