Makon da Muka Hana Gaisuwa a Manhaja

A shekarun da ake rushe kowane kango a Abuja a tayar da bene, duk wanda ya mallaki laftof ya zama shugaban kamfani, ni ma na ajiye aikin gwamnati na bi sahu. Mu biyu ne kamfanin gaba ɗaya: ni mai rubuta manhaja, sai wata 'yar Zariya mai zana fasalinta, wadda bakinta ya fi reza kaifi. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman wani shago a Kado. Tun safe iska ke kwaso mana ƙarnin kifi daga kasuwa, har wani baƙo ya taɓa tambayarmu ko muna ba da sari.

Abin da muke ginawa bai da wuyar bayani. Ga masu son koyon aikin kwamfuta birjik, ba su san wanda za su tambaya ba. Ga manya a ma'aikatu da bankuna, sun kwashe shekaru a harkar. Manhajar za ta haɗa kowane ɗan koyo da jagora ɗaya, ya tambaya a ba shi amsa. Na bi ofisoshi ina lallashin manya su shigo, kuma babban kamun da na yi shi ne tsohon ubangidana, Daraktan sashen kwamfuta a ma'aikatar da na baro. Shi ya sa hannu a takardar ɗaukata aiki, shi ya karɓa mini aure. Ko a waya muke magana, sai na tsinci kaina na ɗan rusuna.

Watan farko saƙonni suka yi ta zuba. Na dinga yawo da hoton layin adadin saƙonni da ke hawa sama ina nuna wa duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da ni. Mun dai sanar da kowa cewa a lokacin gwaji za mu riƙa duba hirarrakin, amma ni ban duba ba, layin ya ishe ni. Abokiyar aikina ce ta buɗe wata rana, ta gyara murya ta fara karanto mini.

"Barka da asuba, ranka ya daɗe. An tashi lafiya? Ya iyali? Ya ƙoƙari?" Ta ɗaga kai. "Amsa: Lafiya lau, Allah ya yi albarka. Washegari: Barka da asuba, ranka ya daɗe. In ci gaba? Ranar Juma'a akwai hoton masallaci da furanni."

Na ce ta duba wani. Ta duba goma, duk kanwar ja ce. Mun ɓata wata shida muna gina zauren gaisuwa mafi tsada a Najeriya.

Wadda ta fi tsaya mini a rai wata malamar makaranta ce a Gwagwalada, mai kimanin shekara talatin, iyayenta manoma a Paikon Kore. Da kanta ta koyi rubuta shafin intanet bayan an tashi daga makaranta. Ita muka haɗa da Darakta, don ita ce ta fi kowa ƙwazo. Mako bakwai tana gaishe shi, ba fashi. Na kira ta na ce, Malama, ba ki da tambaya ne?

"Ina da shi, Oga," in ji ta da Hausarta ta Abuja. "Wani kamfani ta ba ni gwaji, in na ci za su ɗauke ni. Alhamis zan miƙa. Shafin yana aiki a kwamfuta, amma a waya maɓallin aikawa yana gudu, ba a ganin shi. Kuma sun ce a waya za su duba."

"To me ya hana ki tambayi Darakta?"

"Babban mutum ne fa. Ina jira ya ce mini, ya aikin. Sai in shiga."

Darakta kuwa bai taɓa cewa ya aikin ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na zauna a ranar na ƙera maganin abin. Na sa akwati a saman hira mai rubutu ɓaro-ɓaro: Mece ce matsalarka? Banda gaisuwa. Duk saƙon da ya fara da barka ko ina kwana, manhajar sai ta ƙi aika shi. Abokiyar aikina ta ce, sallama fa? Na ce a bar sallama, haukan nawa bai kai can ba.

Kafin la'asar manya biyu suka fice. Ɗaya ya aiko mini da doguwar wasiƙa da Turanci mai nauyi, wai na buɗe makarantar rashin tarbiyya. Ban damu ba, don ranar Litinin malamar ta aika tambayarta tsaf, har da hoton fuskar wayar. Na ji kaina ya kumbura. Na gyara al'umma da layi shida na rubutun manhaja.

Darakta bai amsa ba sai Talata da yamma. Ya ce ta kafe faɗin shafin daidai da na kwamfuta, sannan ta rubuta a sama da jan rubutu cewa a buɗe shi da kwamfuta don samun gamsuwa. Haka muke yi a ma'aikata, in ji shi, ba a taɓa kuka da mu ba.

Laraba da safe na karanta amsarsa. Shawarar ta zamanin da waya ba ta da hoto ce. Sai a lokacin na tuna cewa duk shekarun da na yi a ƙarƙashinsa ban taɓa ganin ya rubuta layi ɗaya ba. Mitin yake yi, ya sa hannu, ya tafi taro. Ashe gaisuwar nan ba malamar kaɗai take rufa wa asiri ba, ni kuma na zo na yaye.

Gyaran gaskiya layi ɗaya ne, na san shi kamar sunana. Abokiyar aikina ta turo mini wayata a kan tebur.

"Kira shi ka ce ya janye. Matar nan ba za ta tsallake maganarsa ba."

Na kira. Ya ɗauka da fara'a. Na tambayi lafiyarsa, da Hajiya, da yara, da ciwon gwiwar da yake fama da shi. Ya tambayi matata, ya ce ina fata kana riƙe mana amana. Muka taɓa zancen cunkoson hanyar filin jirgi. Ya ce manhajar nan taka tana kyau, jiya ma na warware wa wata yarinya matsala. Na ji bakina da kansa ya ce, Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe. Muka yi sallama.

Na ajiye wayar. Abokiyar aikina ta juyo da laftof ɗinta ta nuna mini akwatin hana gaisuwar da na ƙera, ta koma kan aikinta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai na bi ta bayan gida, na kira malamar. Na ce ta manta da jan rubutu, ga layin da za ta sa, na karanto mata harafi bayan harafi. Ta gwada muna kan waya. Maɓallin ya dawo, na ji ta yi ajiyar zuciya. Can kuma ta ce:

"Amma Oga Darakta ya ce in yi ɗayan. In ya buɗe ya ga na canza fa?"

"Ba zai buɗe ba. Shawararsa kuskure ce, Malama. Ki yarda da ni."

"Kai ka faɗa masa kuskure ne?"

Na fara kame-kame, wai lokaci bai ba da dama ba, wai manya sai a hankali.

"To Oga," ta ce, ba tare da wani zafi ba, "kai da ka san shi shekara da shekaru ba ka iya ba. Ni ce zan iya?"

Ranar Alhamis ta miƙa shafin da jan rubutunsa a sama. Ba su ɗauke ta ba. Ni na gaya wa abokiyar aikina, ina kallon taga don kada mu haɗa ido, kuma kunyar ranar har yau ba ta sake ni ba. Malamar ta koma aji. Da na kira in ba ta haƙuri, cewa ta yi kada in bari Darakta ya ji, zai ji babu daɗi. Na ce to. Ban bari ya ji ba.