Bakin Gyalen Uwa

Kullum kafin hazo ya tashi daga tsaunukan garinmu Oxchuc, Sebastiana Santiz takan sauko daga tankin ruwan sama da tulu a baya. Takan tsaya a ƙofar makaranta, ta tsiyaya wa kowane yaro a tafin hannu, ya wanke kwantsa tun ƙudaje ba su taru ba. Shekara ashirin ke nan. Metik muke ce mata, wato uwarmu.

Ciwon nan mai lanƙwasa gashin ido ciki, ya yi ta kartar ƙwayar har gani ya tafi, ya daɗe a cikinmu. Ranar da ma'aikatan lafiya suka ce bakin gyalen da uwa ke share wa 'ya'yanta ido shi ke kai cutar daga wannan zuwa wancan, mata suka yi dariya. Ban da Metik. Da gyale ɗaya ta share wa nata biyar. Babbarsu, Manuwela, ta makance, yau sai an ja ta.

Na daɗe ina juya abin a raina. Yaya hannun da ya ƙaunace ka zai cuce ka, kuma ba shi da laifi? Na kasa warwarewa. Ita ba ta tsaya warwarewa ba, tulu ta ɗauka.

Wata rana ina tsaye maƙwabciyarta Paskuwala ta tare ta.

"Haba Metik, ruwan da na ɗauko tun daga kwari zan ɓarar a fuskar wannan ja'irin? Da me zan dafa wake?"

"Kofi ɗaya na ce, ba wanka ba. Rowar taki har ido?"

Metik, uwarmu, ke ce kika kunyata mazan unguwa har suka haƙa masai don rage ƙudaje. Ke ce kika yayyaga zanenki, kowane yaro da tsummansa.

Bana gwiwar Metik ta ƙi. Sati biyu ƙofar makaranta ba tulu, kowa na cewa aiki ya yi masa yawa. Sai ga Manuwela tana laluben bango.

"Inna, ba ni tulun. Ƙafata ta san hanyar tanki. Yaran su miƙo hannu, zan ji su."

Metik ta ɗaura mata igiyar tulun.

Mun gode, Metik. Mu kuwa masu ido biyu da muka bar wa makauniya wannan hawan, gobe da safe a same mu a tanki.