Zuciyar Curtis a Ƙirjin Wendell Rusk

Wendell Rusk ɗan gwanjo ne a garinmu, a arewacin Wisconsin, kuma ban taɓa ganin mutumin da sana'arsa ta dace da shi kamarsa ba. Duk manomin da ya karye, ko tsohon da ya mutu 'ya'yansa suka ƙi gona, Wendell ne zai hau bayan akori-kura da ƙatuwar hularsa da lasifika, ya sayar da tarakta da shanu har da gadon da aka haifi mai gidan a kai, yana barkwanci jama'a suna dariya. Sau biyu ya yi aure, duka matan guduwa suka yi, ta biyun ma don sauri har karenta ta bari. Ba na ƙaunarsa, ban kuma taɓa ɓoyewa ba. Da shi kaɗai ne da ƙirjinsa, da ban ɓata yawuna a kansa ba. Amma zuciyar ƙanena Curtis ce ta yi shekara tara tana bugawa a cikin ƙirjin nan.

Tasa zuciyar da aka haife shi da ita, shi ya kashe ta da hannunsa tun bai kai sittin ba. Taba tun yana saurayi, giya kullum, naman alade mai kitse safe da yamma. Jijiyoyin da ke kai wa zuciya nata jinin suka toshe ɗaya bayan ɗaya, naman zuciyar ya yi ta mutuwa gefe-gefe, har ta zama ƙatuwar jaka saɓa-saɓa da ba ta iya tura jini zuwa ƙafafunsa. Sai ya rantse wa likitocin birni cewa ya tuba. Ya bar taba, ya bar giya, ya yi kuka a gabansu, suka sa sunansa cikin masu jiran dashe.

Curtis kafinta ne, shekararsa talatin da ɗaya. Ba ya shan taba, kuma ko ana zuba ƙanƙara sai ya fita gudu da safe. Wata ranar kaka yana dawowa daga aiki a kan babur, barewa ta faɗo masa a hanya. Kansa ne ya bugu. Likita ya ce mana ƙwaƙwalwa ta mutu, injin ne kawai yake hura masa numfashi, amma zuciya lafiyarta ƙalau. A lasin tuƙinsa akwai alamar cewa ya yarda a ba wani sassan jikinsa idan ya mutu. Mahaifiyarmu Lorna ta ce to, tunda shi ya faɗa.

Ƙa'ida ita ce ba a gaya wa dangin mamaci wanda ya karɓa, sai idan ɓangarorin biyu sun nema ta hannun asibiti. Wendell bai tsaya wannan ba. Ya duba jaridar gari, ya ga ranar haɗarin, ya haɗa da ranar da aka kira shi asibiti, ya gane. Wata ranar Lahadi muka ga motarsa a ƙofar gida, ya fito da mai ɗaukar hoto a bayansa, a hannunsa abin sauraren ƙirji irin na likita, ya ɗaura masa jan ƙyalle kamar kyautar Kirsimeti.

"Mama Lorna!" ya ce, ya buɗe hannuwa. Matar da ba ta girme shi da shekara goma ba. "Ga ɗanki ya dawo gida."

Na ce, "Malam, ka koma da mai hotonka. Nan ba filin gwanjo ba ne."

"Joyce, bar shi," in ji Mama.

Ya zauna a kujerar Curtis ba wanda ya nuna masa, ya ɓalle maɓallan riga, ga tabon aiki tun daga maƙogwaro har saman ciki. Mama ta sa abin a kunne, ta ɗora masa a ƙirji, ta rufe ido. Ta daɗe a haka. Shi kuwa yana ta juya fuska wajen mai hoto yana neman ɓangaren da ya fi yi masa kyau.

"Tana sauri," Mama ta ce a hankali. "Tsoro yake ji?"

"A'a, haka take. Sun ce duk ta dashe haka take, ba ta da birki." Ya yi dariya shi kaɗai.

Ni ma na saurara, ba zan yi ƙarya ba. Sauti biyu ne, ƙofofin zuciya suna rufewa, biyu sannan biyu, tsaf kamar aikin Curtis. Na fita bayan gida na yi kuka har na gaji, kuma na tsani Wendell Rusk tun daga ranar, don na ga ya gane abin da ya kama a hannunsa.

Daga nan ya zama ɗan gida. Kowace Lahadi bayan coci yana teburinmu. Mama ta daina sa gishiri a abinci gaba ɗaya, mu ma muka koma cin lami saboda shi. Ta koyi gasa kifi ba mai, ta sayo littattafan girkin masu ciwon zuciya. Idan ya ci ya ƙoshi sai ya ɗaga riga, ta saurara, ladanta ke nan na mako. Shi kuma ya sami sabuwar haja. Coci-coci yake bi yana ba da shaida, yana jan Mama a gefe, ya sa ta tsaya ya nuna ta ya ce, "Ga uwata ta biyu," mata su yi ta share hawaye. Ranar bikin ƙasa ma an ɗora su a buɗaɗɗiyar mota an zaga gari da su. Kasuwarsa ta gwanjo ta buɗe, don kowa yana son mutumin da Allah ya ba dama ta biyu ya sayar masa da kaya.

Tubarsa ba ta kai shekara biyu ba. Ni na sani, domin ina aiki a gidan abinci na bakin tafki, kuma duk Juma'a da yamma garinmu kaf can yake taruwa cin soyayyen kifi. Wendell zai zauna a kusurwa da abokansa, ya sa a kawo kifi faranti biyu da soyayyen cuku da giya.

"Joyce, 'yar'uwata, ƙaro gishiri."

"Ni ba 'yar'uwarka ba ce. Ka sha maganinka na yamma?"

"Kun ji ta! Likita Joyce! Maganin yana mota."

"Jiya ma a mota yake. Motar ce aka yi wa dashe?"

Abokansa suka fashe da dariya. Ya bugi ƙirji da tafin hannu, har sai da na ji a nawa. "Injin ɗan shekara talatin ne a nan, yarinya. Ni na san ciwon zuciya, na yi shekaru da shi, kamar an ɗora maka buhun siminti. Yanzu ko ƙaiƙayi ba na ji."

To, a nan wautarsa take, kuma an gaya masa, don a gabana wata nas ta maimaita masa ranar da Mama ta sa na kai shi awo. Idan aka ciro zuciya daga jikin mai ita, ana ɗinka manyan hanyoyin jini a sabon jiki, amma siraran jijiyoyin da ke kai saƙo tsakaninta da ƙwaƙwalwa an yanke su, kuma ba kasafai suke komawa yadda suke ba. Shi ya sa take sauri ko mutum yana zaune. Shi ya sa kuma idan tana shan wuya ba ta da bakin faɗa. Zuciyar haihuwa idan jini ya yi mata kaɗan sai ta yi ciwo, mai ita ya tsaya. Ta dashe shiru za ta yi ta ci gaba da aiki. Ga shi jiki bai taɓa yarda cewa tasa ce ba, kullum garkuwar jiki kallon baƙuwa take yi mata, ƙwayoyin nan na safe da yamma ne kaɗai suke hana ta afka mata. Nas ta ce, "Rashin jin ciwo ba lafiya ba ne, Malam Rusk." Ya ce ya ji, ya kuma tambaye ta ko tana da aure.

Na gaya wa Mama komai, har da tabar da na gan shi yana zuƙa a bayan motarsa. Ta ce ta sani, tana jin warin a rigarsa duk sanda ta sunkuya.

"To ki yi masa magana mana!"

"In ya yi fushi ya daina zuwa fa?"

Ya riƙe mata ɗa a cikin ƙirji, yana ɗura masa hayaƙi da kitse, ita kuwa dole ta yi masa murmushi ta ƙara masa dankali.

A shekara ta takwas ƙafafunsa suka fara kumbura, ya koma sa takalmin soso. Hawa bayan akori-kura ya gagare shi, sai an ɗora shi. Barci sai a zaune, don in ya kwanta ruwa ya taru masa a huhu. Jijiyoyin zuciyar Curtis, waɗanda aka ba shi fes, sun tsuke daga farko har ƙarshe, babu inda za a buɗe. Mama ta ce yanzu idan ta saurara tana jin wani ƙaramin sauti na uku yana bin biyun, kamar mai jan ƙafa.

Sai ga shi wata Lahadi da fara'arsa, yana haki.

"Mama Lorna, albishirinki. Akwai hanya. Ana sake dashe! Sai dai suna ta ƙananan maganganu, wai awon jinina ya nuna kaza da kaza. Na ce musu ciwon ciki na yi, maganin bai zauna ba. Suna son ganin wanda yake kula da ni a gida. Na ba su sunanki. Ke ce mahaifiyar yaron, in kika ce na riƙe amana, wa zai musa?"

Mama ta ajiye cokali. "In sun sa maka sabuwa, wannan fa? Ina za su kai ta?"

Ya tsaya, da gani bai taɓa tunanin abin ba. "Tsohuwar? Oho. Ina jin dubawa suke yi su ƙone, tare da sauran tarkacen asibiti." Ya miƙa hannu ya ɗauki burodi.

Da ya tafi na ce mata kada ta je. Ta ce za ta je. Ni na tuƙa ta zuwa birni, na kuma ɗauka ƙarya za ta je ta yi masa kamar yadda ta saba rufa masa asiri.

Ɗaki ne ƙarami, da likita ɗaya da wata mata mai kula da walwalar marasa lafiya. Wendell yana kan keken asibiti da robar iska a hanci, ya sa fuskar coci. Matar ta tambayi Mama a hankali ko yana shan magani a kan lokaci.

"Ba ya sha," Mama ta ce. "Yana shan taba. Yana shan giya. Shekara shida ina ji a rigarsa ina yin shiru, don ina so ya ci gaba da zuwa."

"Mama Lorna!"

"Sunana Lorna." Ba ta ko dube shi ba, likitan take kallo. "Zuciyar da za ku ba shi, yanzu haka tana ƙirjin ɗan wata. Uwarsa tana can tana yi masa faɗa ya sa rigar sanyi, ba ta san komai ba. Ni ba zan sa hannu a ba wannan mutumin ɗanta ba."

Likitan ya ce sun gode, ya kuma ce dama awon jini ya riga ya gaya musu mafi yawan abin. Wataƙila ko ba ta yi magana ba hana shi za su yi. Wendell bai ɗauka haka ba. A farfajiyar asibiti, da ɗan numfashin da ya rage masa, ya ce mata, "Kin kashe ni, tsohuwa. To ki sani, shi ma kin kashe shi. Ba za ki ƙara jin sa ba."

Wannan alkawarin kaɗai na san ya cika a rayuwarsa. Ya yi wata bakwai bayan haka, a gidansa, tafiyar da ba ta kai minti goma ba daga namu. Mama ta je ƙofarsa da miya, ya sa aka ce yana barci. Ta koma, ta sake komawa, har ta daina. Ya zaga gari da waya yana cewa tsohuwar da ya ɗauka uwa ta ci amanarsa, wasu matan coci suka daina gaishe ta. Ya mutu a farkon bazara yana zaune a kujera, talabijin a kunne. An ce bai ji ciwon komai ba, kuma na yarda.

An binne shi a maƙabartar coci, can gefen katanga, nesa da Curtis. Dutsen kabarinsa shi ya zaɓa tun yana da rai, ya fi na kowa tsawo a layin, an zana zuciya a jiki an rubuta cewa mutum ne mai godiya. Sunan ƙanena ba ya ko'ina a kai.

Duk Lahadi Mama tana zuwa da fure ƙunshi biyu. Ta ajiye ɗaya wajen Curtis, sannan ta taka da sandarta har bakin katanga. Matan da suka daina gaishe ta sun dawo suna cewa ga mace mai yafiya, fasto ma har ya kawo ta misali a wa'azi. Su daga nesa suke hangowa, ni ce nake riƙe mata hannu. Ba ta taɓa ɗaga kai ta karanta dutsen ba, ba kuma a gindinsa take ajiye furen ba. Takan auna da ido daga inda kai yake, ta sauko kaɗan zuwa daidai ƙirji, ta durƙusa da ƙyar, ta ajiye shi a kan ciyawa, a tsakiya, ɗan karkace zuwa hagu.