Baba Mai Rijiya a Bakin Teku

Shekara arba'in da ɗoriya Baba ya yi yana haƙa rijiya, ni kuwa na yi kusan ashirin ina jin kunyar faɗa. A makaranta idan aka tambayi sana'ar mahaifina, sai in ce yana harkar ruwa. Da na girma na samu aiki a shagon sayar da injinan jawo ruwa, inda aikina bai wuce jera kaya a kanta da goge musu ƙura ba, mutanen unguwa suka laƙaba mini Injiniya. Ban taɓa gyara wa kowa ba, har tafiyata ma sai da ta sauya.

Baba yana da yadda yake aikinsa. Idan aka kira shi gida, zai cire takalmi ya zagaya tsakar gidan a hankali, ya tsuguna ya damƙi ƙasa, ya murza, ya shinshina, wani lokaci har ya ɗanɗana. Sai ya ce, "Nan." Sau tara cikin goma, nan ɗin ne. Idan kuwa aka yi rashin sa'a ya kai zurfin gaba goma sha biyar ya tarar da busasshen dutse, ba ya ɗaga murya daga cikin rami. Zai fito, ya wanke hannunsa tas, ya je ya dafa kafaɗar mai gida, sannan ya ce babu ruwa. Yakan ce mugun labari ba a jefa wa mutum shi daga nesa.

Da idonsa ya fara gani dishi-dishi, likitocin garinmu suka yi iyakar yinsu, suka ce sai dai a gwada wani asibiti a wata ƙasa, a wani birni na bakin teku. Dangi suka zauna, aka ce ai Injiniya ne zai raka shi, shi ke jin Turanci. Kwana uku kacal za mu yi. Ni da ban taɓa wuce tashar motar garinmu da nisa ba, na je na sayi takalma sau-ciki baƙaƙe wuluk, masu ƙwas-ƙwas a kan siminti. Sun matse ni, amma na ce wa Inna haka ake yayinsu.

A cikin jirgi na yi ta yi wa Baba bayanin komai, alhali ni ma ban taɓa hawa jirgin sama ba. Da muka sauka na ƙi tambayar kowa hanyar masauki, don kada a ɗauke mu baƙauye. Muka yi ta tafiya, yana riƙe da gwiwar hannuna, ina nuna masa dogayen gine-ginen da ba ya iya gani sosai. Can ya tsaya.

"Injiniya, garin nan kowane lungu gidan burodi ne da shi, ko kuwa wannan ɗin ne muka wuce karo na uku?"

Washegari muka ga likita, wata dattijuwa mai furfura da ƙaramin gilashi. Ta daɗe tana haska idonsa, ta sa shi a gaban na'ura kala-kala. Sannan ta tashi ta wanke hannunta, ta dawo ta dafa kafaɗarsa, ta juyo gare ni. Ta ce jijiyar idon ta riga ta lalace, babu aikin da zai dawo da ita. Ɗan ganin da ya rage masa ba zai wuce 'yan watanni ba.

"Me ta ce?" in ji Baba.

Duk Turancin da nake taƙama da shi, a ranar na so a ce ban ji ko kalma ɗaya ba. Na ce, "Ta ce da sauƙi, Baba. A ci gaba da ɗiga magani."

Ya ce, "To, madalla."

Tsoro ne ya sa ni, ba tausayi ba, na san wannan. Kuma na san ba zan iya kai shi gida da ƙaryar nan ba, don Inna tana bakin ƙofa da tambayarta. Jirginmu sai yamma a rana ta uku, shi ya sa da ya ce in kai shi ya ga tekun da ake faɗa, na ƙudurta a can zan gaya masa.

Washegari da hantsi muka isa. Ruwan yana can nesa, tsakaninmu da shi fili ne fetal na yashi. Na hango wani faffaɗan dutse, na cire takalmana na jera a kai, na ajiye jakarmu mai fasfo da takardun asibiti. Baba ya tsuguna kamar yadda ya saba. Ya damƙi yashi, ya murza, ya kai hanci, ya shafa jikin dutsen har gansakuka ta manne masa a yatsu.

"Ruwa ya kwana a nan," ya ce. "Kuma zai dawo."

Na yi dariya, Allah ya yafe mini. Na ce, "Haba Baba, wannan fa teku ne, ba rijiyar gidan mai unguwa ba. Ga shi can inda Allah ya ajiye shi. Ina zai je, balle ya dawo?"

Bai yi mini gardama ba. Ya ce in miƙo masa jakar ya ɗauki maganinsa, ya laluba, ya mayar mini, na ajiye.

Muka taka har bakin ruwan. Ya ɗebo da tafin hannu ya kai baki, ya tofar, ya ce duk wanda ya haƙa wannan sai a ce ya sake. Muka bi gefen ruwan muna tafiya. Sau uku ina buɗe baki in faɗa masa, sau uku ina ɓigewa da bayanin jiragen ruwa. Har tsawon wani jirgi na faɗa masa, wanda a take na ƙirƙiro. Na lura ruwan yana ta matso da mu wajen tudu, amma na ɗauka mu ne muke karkacewa.

Da muka juyo, babu fili, babu dutse. Ruwa ne ko'ina, yana ta tumbatsa kamar tun fil azal a nan yake. Na saki hannun Baba na zura da gudu, na faɗa ruwa har ƙugu ina ihu, "Fasfo! Fasfo!" Igiyar ruwa ta kwashe ni ta buga da ƙasa, na sha gishiri na ƙoshi. Wani tsoho mai kamun kifi ya tsaya yana kallona yana girgiza kai, ya nuna agogonsa ya nuna ruwan. Ashe kullum haka yake yi, ya tafi ya dawo, kowa a garin ya sani.

Na rarrafo na fito, na tarar da Baba zaune a kan tudu. Ya zura hannu a aljihun 'yar cikinsa ya zaro fasfo biyu da takardun asibiti, a bushe ƙarau.

"Takalman ne ban ɗauko ba," ya ce. "Na ji yadda kake ɗingishi tun shekaranjiya, na ce gara ruwa ya raba ku."

Na zube kusa da shi, ina ɗigar ruwa, ina dariya ina kuka. Na ce, "Baba, akwai maganar da ban gaya maka ba. Likitar nan..."

"Ta wanke hannu, ta dafa mini kafaɗa," ya ce. "Shekara nawa ina yi wa mutane haka? Rijiyar da za ta yi ruwa ba a dafa wa mai ita kafaɗa. Kuma ta yi magana mai tsawo, kai ka fassara da numfashi ɗaya."

"Me ya sa ba ka ce komai ba?"

"Na ga kana cikin rami ne, ɗana. Jira nake ka fito da kanka."

Ban tuna rabon da ya kira ni da wani abu ba Injiniya ba. Na sa hannuna mai yashi na dafa kafaɗarsa, na faɗa masa duk abin da ta ce, har da 'yan watannin. Ya gyaɗa kai, ya ce alhamdu lillahi, ya tambaye ni ƙarfe nawa. Na ce da sauran awa biyu kafin mu kama hanya. Na fara cewa ko in bayyana masa launin ruwan, ya ɗaga mini hannu.

"Yi shiru haka nan. Shekara arba'in ina bin ruwa ƙarƙashin ƙasa guga-guga, ashe nan ya taru yana jirana. Bar ni in kalle shi tun ina iyawa."

Muka zauna awa biyun nan cur, shi yana kallon teku, ni ina kallonsa, babu takalmi a ƙafata.